Jirgin Maƙwabcina da Ya Ɓace a Turkenmu

Lokacin da wannan abu ya same ni, na daɗe da barin tuƙin motar siminti a Malbaza, saboda ciwon baya ya hana ni doguwar tafiya. Na koma ƙauyenmu na bakin baraji, wato madatsar ruwa, a ƙasar Ƙonni, na sayi kwale-kwale ina tsallakar da mutane da buhunan albasa zuwa ƙetare. Maƙwabcina masunci ne, ya girme ni, katanga ɗaya ta raba gidajenmu. Shi ya kawo shawarar mu haɗa wurin ɗaure jirage, tunda mai garkar da ke bakin ruwan ba ya bari a kafa turke kyauta. Muka raba komai biyu: kuɗin wuri, turken ƙarfe, sarƙa da kwaɗo, kowa da mabuɗinsa. Mun yi shekaru a haka, ko musu bai taɓa haɗa mu ba.

Wata damana aka yi ruwa da iska mai ƙarfi. Da aka ɗauke muka gangara bakin ruwa, sai muka iske turke tsirara, babu jirginsa, babu sarƙa, babu kwaɗo. Nawa kuwa yana tudu lafiya lau, don na jawo shi tun kafin ruwan zan toshe inda yake yoyo. Abin da ya jawo mini ke nan. Aka fara cewa ni na taɓa kwaɗon ƙarshe, kuma me ya sa na fitar da nawa in ban san abin da zai faru ba. Wasu suka ƙara da cewa tsohon direba ba ya rasa mai saye a ƙetaren iyaka. Shi maƙwabcin nawa bai taɓa furta mini komai ba, sai dai gaisuwarsa ta gajarce, matarsa ta daina leƙo matata, masu albasa suka koma jirgin wani. Na yi masa tayin ya riƙa fita su da nawa da safe, ya ce ya gode, bai karɓa ba. Wannan godiyar ta fi zagi yi mini ciwo.

'Yan'uwansa suka kai magana gaban sarkin ruwa, suna neman a kira jandarma. Na rantse, amma na ga rantsuwar ba ta shiga kunnen kowa ba. Maƙwabcin ne ya ce a dakata har ruwa ya ja baya. Watannin nan ban san yadda na ƙare su ba. Har na fara neman wanda zai sayi gidana in koma Tsarnawa wurin dangin uwata.

Da rani ya shigo, wani Bafulatani mai shayar da shanu ya ga bakin jirgi ya leƙo daga laka, can ƙasa da garkokin albasa. Muka je da mutane aka tono shi. Kwaɗon na nan a kulle, sarƙar ce ta tsinke inda tsatsa ta cinye ta. Na zauna cikin lakar nan. Maƙwabcina ya tsuguna a gabana ya ce, "Ƙanena, ka yafe mini. Bakina bai faɗa ba, amma zuciyata ta zarge ka." A nan na gaya masa na daɗe da ganin tsatsar, na yi shiru don kamun kifi bai yi kyau ba a shekarar, ina jin nauyin neman rabonsa na kuɗin sabuwar sarƙa. Ya ce shi ma ya gani, ya yi shiru saboda hidimar asibitin ciwon bayana.

Mun gyara jirgin, har yau turkenmu ɗaya, kuma ina gode wa Allah da ya wanke ni ina da rai. Amma ina jan kunnen duk wanda ya haɗa abu da maƙwabcinsa: in ka ga gyara, ka faɗa tun da wuri, ko da aljihunsa babu komai. Mu biyun tausayin juna muka ji muka rufe baki, kuma shirun nan ya kusa fitar da ni daga garin da aka haife ni da sunan ɓarawo.