Farin Tsumman Jikana

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba na jin zai kwashe ranar da wata babbar likita ta tsuguna a tsakar gidana a Gaya tana roƙon in nuna mata tsumman kashin jikana. Shekaru sun ja, amma in na tuna sai kunya da godiya su taso mini tare.

Lokacin ƴata ta zo wankan gida, ta haifi ɗa namiji. Ni ce mai dafa ruwan wanka, ni ce mai kunun kanwa, ni ce mai wankin tsumma. Ita kuwa, da yake ɗan fari ne, ko kallonsa ba ta yi a gaban mutane. In za ta ba shi nono sai ta juya wa ƙofa baya. Haka muka taso, haka na koya mata, kuma ina jin daɗin yadda ta riƙe.

Ni kuma Allah ya yi ni da baki. Duk wadda ta shigo barka sai na cika mata kunne: yaron nan ɗan gayu ne, kashinsa fari kamar kunun shinkafa, ɗauraya ɗaya ta ishi tsummansa. Na reni yara da yawa, ban taɓa samun mai sauƙin wanki irinsa ba. Idanunsa sun yi rawaya, gaskiya ne, amma wane jariri ne ba ya ɗan taɓa shawara? Sai in fito da shi hantsi, ina cewa za ta wuce.

Ana nan sai aka ce wata likita ta zo daga Yamai tana bin gidajen masu jego. Ƴar wani ƙauye ce ta wajen Yelu. Ta yi karatu a Yamai, ta ƙetare zuwa ƙasar waje ta yi shekaru tana koyon ciwon hantar yara kaɗai, sannan ta dawo. Abin da ya dame ta shi ne ba a kai mata jarirai sai lokaci ya ƙure, shi ya sa ta fito da ƙafarta tana binciken dalili. Mu masu kyafaffen kifi a kasuwa muka sa mata suna likitar tsumma, kuma ni na fi kowa dariya.

Yaron yana da kwana talatin da ɗaya ta yi sallama, tare da ungozomar unguwarmu. Na nuna mata ɗakin mai jego, amma sai ta wuce ta tsuguna kusa da ni a bakin murhu.

"Fofo, Inna. Wajenki na zo," in ji ta, tana gaishe ni da Zabarmanci. "Na ɗauki lokaci ina tambayar masu jego, sai daga baya na gane ba su ke wanki ba. Kakanni ne ke ganin abin da nake nema."

Ta fito da wani kati mai launuka, daga kore da ruwan ƙwai har zuwa fari, ta ce in nuna mata wanda ya yi kama da na jikana. Na ɗora yatsa a kan mafi fari, har da ƴar dariyata.

"Fitsarinsa fa, Inna?"

"Kamar shayi. Wannan kam yana rina zane."

Ba ta yi dariya ba. Ta karɓi tsumman da ban wanke ba ta duba shi a rana, sannan ta ɗora yaron a cinya ta buɗa idanunsa, ta lallatsa cikinsa a hankali tana yi masa wasa. Daga nan ta yi mini bayani yadda zan gane. Ruwan matsarmama ne ke ba kashi launi. In hanyarsa daga hanta ta toshe, sai ya tsaya a ciki yana cin hantar. Ta ce ba za ta tabbatar ba sai an yi analiz, wato gwajin asibiti, a Yamai, in kuwa shi ne, aiki za a yi masa, kuma kowace rana da ta wuce tana rage masa sa'a. Gobe take so mu kama hanya.

Nan fa na hau. "Haba likita! Saura kwana tara arba'in. Mai ɗanyen jiki a kan hanyar Doso? Wankan fa? Dangin mijinta su ce na kasa riƙe ta?" Yanzu na san ba wankan ne ya tsaya mini ba. Na kasa haɗiye cewa abin da na yi wata guda ina taƙama da shi ciwo ne.

Ba ta ja da ni ba. Ta ce a hankali, "Inna, uwata ma ta yi wannan yabon a kan ƙanena. Ina yarinya, ni nake shanya tsumman. Bai kai ga yaye ba."

Na buɗe baki ke nan sai labulen ɗaki ya motsa. Ƴata ta fito, ta zo gaban ungozoma da maƙwabtan da suka taru, ta ɗauke yaron daga cinyar likita ta rungume shi a ƙirji. Ta dube ni ta ce:

"Inna, na fi kwana goma ina ganin idonsa. In kin tafi kasuwa sai in buɗa tsumman in yi ta kuka, na rasa bakin da zan gaya miki. Ɗana ne, Inna. Zan kai shi."

Ban taɓa jin ta ce "ɗana" ba sai ranar. Na tashi na janye itacen da ke ƙarƙashin tukunyar wanka, na shiga haɗa kaya, ina goge ido da gefen zane.

Aka aika wa ubansa, da safe muka shiga mota tare da shi. Analiz ya nuna abin da likita ta ji tsoro, aka yi masa aiki a cikin makon. Ba ta taɓa yi mana alkawarin komai ba, har yau kuma yana shan magani, ana kai mata shi tana dubawa. Amma yana lakwal yanzu, yana karatunsa, kuma in ya zo kasuwa kifina ba ya tsira daga hannunsa.

Na koyi cewa wanda ya yi shiru ba lalle ne bai gani ba, wani lokacin mu manya ne muka ɗaure masa baki. Ni na koya wa ƴata kau da kai daga ɗanta, na kira abin tarbiyya, kuma saura kaɗan ta rasa shi don ta yi mini biyayya. Tun daga ranar, in na shiga gidan jego, kafin in faɗi nawa sai na zauna kusa da uwar na ce, "Ke me kika gani?"