Waƙar da Ba Ta da Wurin Numfashi

Yayata ta yi shekara shida tana guga a shagon wanki kafin duniya ta san tana waƙa. Mu a gida mun daɗe da sani, don tun tana ƙarama Inna take korarta tsakar gida duk ranar da ciwon kai ya tashi. Ita ce babba a cikinmu mu huɗu, ni ce auta, shekara tara ke tsakaninmu. Da Baba ya rasu tana aji biyar na sakandare, ta ninke kayan makarantarta ta ba mai bi mata, ta kama dutsen guga.

Muryarta mai kauri ce, da ɗan dishi-dishi a ƙasanta. In ta kira ka daga bayan ƙofa sai ka yi zaton ƙanen Baba ne ya zo. Waƙarta ba gaggawa, daidai da tafiyar dutsen guga a kan riga: ta ja layi har ƙarshen hannun riga, ta ɗaga, ta huta, ta koma.

A saman shagon akwai situdiyon ɗaukar waƙa. Mai shi furodusa ne, siriri, kullum da abin sauraro rataye a wuya, mawaƙa suna ce masa Almakashi saboda yawan yanke-yankensa. Wata rana ya sauko a fusace, wai muryar wani ƙato tana bin bututun ruwa tana shiga masa cikin aiki. Mai shagon ya ɗaga labule ya nuna masa Yaya.

"Ga ƙaton nan," in ji shi.

Almakashi ya zo ne ya sa ta yi shiru, ya ƙare da roƙonta ta hau sama in ta tashi daga aiki.

Ni ce mai ajiyar kayan gidanmu, hotuna da takardun haihuwa da katin asibitin Baba, don haka waƙoƙin Yaya ma suna wurina, a jere, kowace da ranar da ta fito. In ka saurare su daga ta farko zuwa ta tara, sai ka ji kamar mace ɗaya ce take komawa yarinya. Ta farko jita ce kawai da muryarta yadda Allah ya ba ta. Ba ta je ko'ina ba, 'yan layinmu ne suka ji, sai masu kawo wanki. A ta uku Almakashi ya ƙara wa kiɗan sauri. A ta huɗu ya sa kwamfuta ta ɗaga muryar sama kaɗan. Ta biyar ya ƙara. Wajen ta bakwai dishi-dishin nan ya ɓace sam, ya goge shi kamar yadda ake fitar da tabon mai a riga.

Ranar da ta tara ta fito, Inna tana tsintar shinkafa ta ji ta a rediyo. Ta ce, "Kai, yarinyar nan da zaƙin murya take. 'Yar gidan wa ce?"

Muka yi ta dariya har Yaya ta riƙe ciki. Amma na lura ita ta fara dainawa.

Ta taran nan ita ce ta fashe. A cikin mota ita ce, a shagon aski ita ce, yara suna rawarta a waya. Yaya ta bar guga. Ban ce Almakashi mugu ne ba, kuma ba zan ce ba. Kunne gare shi, ya san abin da mutane za su tsaya su ji, kuma ko yatsanta bai taɓa riƙewa ba. Sau ɗaya na raka ta ɗaukar waƙa na ga yadda yake aiki. Ba ya barinta ta rera baiti guda a jere. Layi ɗaya, ya tsayar da ita. Wani lokaci rabin layi. Ta maimaita sau goma, ya zaɓi ɗaya, ya liƙa a jikin na baya. A fuskar kwamfutar muryarta ta zama zane kamar haƙoran zarto, tsakanin layi da layi akwai ɗan ƙaramin tudu. Ya ɗora kibiya a kan tudun, ya danna, ya ɓace, ya jawo layin gaba ya manne.

Na ce, "Yallaɓai, mene ne wancan da kake cirewa?"

"Numfashi ne, Auta. Mutum yana jan waya da yatsa, daƙiƙa uku yake ba ka. Yayarki ta tsaya shan iska, ya wuce."

A lokacin abin burge ni ya yi.

Sai magana ta fara yawo a waya, wai ba ita ke waƙar ba, inji ne. Wani ya tono waƙarta ta farko ya jera da ta tara, ya rubuta a ƙasa: uwa da jikarta. A wuraren da ake gayyatarta kuwa faifai ake sawa tana motsa baki, kowa haka yake yi, amma ita aka sa wa ido. Ana cikin haka wani gidan talabijin ya aiko mata da gayyata zuwa shirinsu na yammacin Asabar. Shirin kai tsaye ne, da 'yan kallo a zaure, da makaɗan gidan. Dokarsu guda ce: ba a sa faifai. Bakinka da makirfo.

Almakashi ya ce kada ta je. Yaya ta ce in ta ƙi zuwa ta amsa musu ke nan. Ta karɓa. Saura kwana goma sha huɗu.

A ɗakinmu ta fara gwadawa, ni ina riƙe da waya ina sa mata kiɗan. Ta shiga baitin farko lafiya. A layi na biyar jijiyar wuyanta ta miƙe, a na bakwai muryar ta tsinke kamar an taka tiyo. Ta dafa bango tana haki. Ta ce in mayar. Na mayar. Layi na bakwai. Muka yi haka har Inna ta leƙo.

"Ke da waƙarki kuma kike kokawa?"

"Inna, ban taɓa rera ta ba."

"To wadda muke ji fa?"

"Guntu-guntu na yi ta. Daga farko zuwa ƙarshe ban taɓa ba."

Inna ta tsaya tana kallonta, sannan ta fita ta dawo da ruwan ɗumi da zuma. Iyakar abin da ta sani ke nan.

Na kwafe waƙar a takarda, layi arba'in da biyu, muka zauna da fensir muna neman inda za ta saci iska. Babu. Ƙarshen kowane layi yana hawa kan farkon na gaba. Mun gwada yar da kalma ɗaya nan, ɗaya can, sai ma'anar ta lalace, ko kiɗan ya wuce ya bar ta. Ta koma hawan matakalar benenmu da gudu safe da yamma, hawa huɗu, har maƙwabciyarmu ta tambaya ko gobara ake. Ta kwanta a ƙasa na jera mata littattafan makarantata a ciki tana ɗaga su da numfashi. Ta tsoma fuska a bokiti ina duba agogo. A kwana na shida ta kai layi na tara. A na bakwai ta wayi gari muryar ta dushe, ko sallama ba ta fita.

Da muryar ta dawo, muka hau wurin Almakashi. Ban taɓa ganin Yaya tana roƙon mutum ba sai ranar.

"Oga, ka rage mata sauri kaɗan. Ka sauko da ita inda muryata take. Na yini ɗaya kawai."

"Ƙanwata, in na sauko da ita, me suka ce? Sun ce inji ne. Ki fito da muryar nan taki ta guga, kin sa musu hannu a takarda."

"To in yi yaya? Ka gwada rera ta kai, in gani."

Ya yi dariya, ya fara, da yatsa yana kaɗa tebur. A layi na huɗu tari ya sarƙe shi. Ya sha ruwa, ya daɗe yana kallon kwamfutarsa.

"Ba don baki na yi ta ba," ya ce a hankali. "Don waya na yi ta."

"Ni kuma baki gare ni, Oga."

Muka tashi za mu tafi. Ya bi mu har bakin matakala yana cewa ta ce musu ba ta da lafiya.

Ana jibi za a yi shirin muka je gwaji da makaɗan gidan talabijin. Shugabansu dattijo ne mai jita, da furfura har a gira. Ya saurari faifan sau biyu, ya cire tabarau.

"'Yata, wa ya tsara wannan? Kifi?"

Mai ganga ya fashe da dariya. Yaya ma ta yi ƙoƙarin yi.

"Baba, ku ɗan ja mini ita baya."

"Mu ja mu ja, ba mu ƙi ba. Amma zauren nan matasa ɗari uku yake ci, kuma da tafi suke zuwa. In suka kama tafi a saurin da suka sani, ko ni ban isa in riƙe mai gangan nan ba."

Suka rage kaɗan. Ta kai layi na goma sha ɗaya. A hanyar gida, cikin motar haya, ta riƙe hannuna har ya yi ciwo, tana motsa leɓe, tana ƙirga wani abu da ban ji ba.

Ranar Asabar ƙarfe huɗu aka kira ta. Ina tsaye a gefen dandamali, bayan wani labule baƙi, da takardar a hannuna, ban san amfanin da za ta yi ba. Almakashi ya zo, yana bayana. Fitilu sun yi zafi, kwalliyarta ta fara narkewa tun kafin ta buɗe baki. Dattijon ya fara a hankali kamar yadda aka shirya. Daƙiƙa biyar ba a yi ba zauren ya ɗauki tafi, mai ganga ya bi su, kiɗan ya koma saurinsa na faifai.

Ta shiga. Wallahi ta shiga da kyau, ban taɓa jin ta kai sama haka da bakinta ba. Layi na biyar, na shida. Na ga kafaɗunta suna ɗagawa. Na tara. Hannunta na hagu ya damƙe rigarta. Na goma sha ɗaya ya fita rabi murya rabi iska, sai bakinta ya buɗe babu abin da ke fitowa, ga kyamara a kan fuskarta.

Ba dabara ba ce, na san yayata. Neman ceto ne. Ta miƙa makirfon wajen jama'a kamar mai miƙa abu mai zafi.

Suka karɓa. Mutum ɗari uku, yawancinsu 'yan mata masu siraran muryoyi, kowace tana jan numfashinta a inda ta ga dama, don haka babu inda waƙar ta yanke. Layi yana hawa kan layi. Karo na farko ke nan da na ji waƙar nan daga bakin mutane daidai da yadda take a faifai. Yaya ta samu iska, ta jawo makirfon ta shiga amshi, amma muryarta ta gaji ta faɗo ƙasa inda take tun asali, ta yi karo da tasu. Wasu a layin gaba suka ɗaga kai suna duban lasifika. Ta yi sauri ta sake miƙa musu. Haka ta tsaya, hannu a miƙe, tana murmushi, tana kaɗa kai, har layi na arba'in da biyu.

Zauren ya miƙe tsaye. Mai gabatarwa yana ihu wai bai taɓa ganin mawaƙiyar da jama'a ke so haka ba. Almakashi ya kama kafaɗata yana girgiza ni.

"Kin ji? Auta, kin ji abin da na ji?"

Da ta fito bayan labule ta zauna a kan akwatin kayan kiɗa, ta cire takalmi.

"Layi nawa na yi?"

"Yaya, kowa ya ji daɗi."

"Ba shi na tambaye ki ba."

"Goma sha ɗaya. Da rabin amshi."

Ta gyaɗa kai. Ta ce in nemo mata ruwa.

Maganar inji ta mutu daga ranar. Hoton da ya zagaya shi ne nata da hannu a miƙe, ana cewa ga mawaƙiyar da ba ta da girman kai. Gayyata ta ƙaru, kuma duk wanda ya kira sai ya ce a yi musu irin na talabijin. In ta dawo gida yanzu ba ruwan zuma take nema ba, man zafi nake shafa mata a kafaɗar dama.

Bayan wata biyu Almakashi ya kira ta, ya ce ya ji kukanta, ya tsara sabuwar waƙa mai wurin hutawa. Ta yi wanka ta sa kayanta masu kyau, ta ce in raka ta. A matakala har tana tsokanata. Ya miƙo mata takardar da fara'arsa, da gaske yake ganin alheri ya yi mata. Na leƙa ta kafaɗarta. Layi biyu, sai fili. Layi biyu, sai fili mai faɗi, ya ja layi huɗu a ƙarƙashin juna ya rubuta a gefe da jan biro: jama'a.

"Nan duk ba ruwanki," ya ce yana nuna mata da yatsa. "Ki sha iskarki yadda kike so."

Yaya ta karanta har ƙasa, ta juya bayan takardar ko akwai saura. Babu. Ta shiga ɗan ɗakin gilashin da ake ɗaukar murya, ta sa abin sauraro a kunne, ta matso kusa da makirfo.

"Daga ina zan fara, Oga?"

"Layin farko kawai," in ji shi. "In kin kai ƙarshensa ki tsaya."