Karsanar da Na Kiwata wa Yaya da Baki

Ni dillalin shanu ne, ko in ce dā, don yanzu gwiwoyi sun ƙi. Shekara arba'in na yi a kara, kasuwar shanu, tsakanin mai saye da mai sayarwa. A sana'armu akwai wata doka da ba a rubuta ba, ko da an rubuta ma ba iya karantawa zan yi ba: saniyar da ka yaba da safe, ba ka kushe ta da yamma. Ko faɗuwa ta yi a gabanka tana shure-shure, sai ka ce hutawa take yi. Wannan dokar ce ta kai ni ta baro.

Aji biyu na yi a lakwal, makarantar boko, mushe malaminmu ya ga ba a nan arzikina yake ba, ni ma na gani, muka rabu lafiya. Faransancina na kasuwa ne: ƙidaya, gaisuwa, sai zagi. Don haka lokacin da aka fara wani feyeton a tele, irin wasan nan da ake yi kullum bayan magariba har sai an gaji da rai, mai ɗakina ce ke fassara mini, tana feren doya tana kallo da ido ɗaya. Ita ta kai aji shida, kuma ba ta bari in manta.

Amma farkon wasan nan ba ya buƙatar tafinta. Wata ƙasa ce mai nisa, mazanta na sa faffaɗar malafa. Wani saurayi, ubansa ya rasu ya bar masa garke, shanu jajaye masu ƙiba, waɗanda in na samu biyar irinsu a kara sai an yi mini kirari. Kawunsa ya haɗa baki da masu takarda ya ƙwace komai, ya kore shi da gurguwar karsana guda ɗaya. Yaron ya riƙe igiyarta a bakin shinge, ya waiwayo ya rantse cewa da wannan gurguwar zai mayar da garken ubansa. Na ajiye lomar da ke hannuna. Na ce wa mai ɗakina, wanda ya tsara wannan abu ya taɓa kwana a ruga.

Ina da yaya a Jugu. Ita ta goya ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, kuma har yau da furfurata Auta take ce mini. A lokacin yanar ido ta rufe mata idanu duka biyu. Duk mako biyu nakan hau motar haya daga Paraku in je in gaishe ta, in kai mata goro da ɗan nama. Wata rana ta kama hannuna ta ce, “Auta, tun da idon nan ya tafi, kowa ƙarya yake mini don in ji daɗi. In na tambayi jikin wane, a ce da sauƙi, sai in ji ana zaman makoki. Kai kaɗai ke faɗa mini abu yadda yake.”

Duk garin Jugu, dillali ta zaɓa ya zama mai gaskiyarta. Ban nemi muƙamin ba, amma da na samu, na ji daɗinsa fiye da yadda zan iya faɗa.

To, ita na kai wa labarin feyeton ɗin, na yaba shi yabon da ban taɓa yi wa bijimin layya ba. Na ce mata wannan wasa ne da za a mutu ana zancensa. Daga ranar, da na zauna a tabarma, kafin ma in sha ruwa, sai ta ce, “To, ya karsanar?”

Wata guda abin yana tafiya daidai. Sannan wata rana saurayin ya hau mota zai je birni neman lauya, motar ta faɗa rami. Ya farka a asibiti bai san sunansa ba. Na ce ba komai, zai tuna. Bai tuna ba. Aka sa masa kwat, ya zama babban mutum a wani ofis mai gilashi. Sai ga wani mai kama da shi sak, wai tagwai ne da aka sace tun suna jarirai. Sai wata likita ta kamu da sonsa, ita ma ashe ba likita ba ce. Mutum biyu su tsaya suna kallon juna, ana kaɗa musu kiɗa, har in je in yi alwala in dawo ba wanda ya ƙifta ido. Shanu kuwa, ko kashinsu ba a ƙara nunawa ba.

Kullum sai in tambayi mai ɗakina, “Sun ambaci karsanar?”

“Maigida, mutumin nan bai san uwarsa ba, saniya zai sani?”

“To wa ke ba ta ruwa?”

“Je ka tambaye su.”

Ranar zuwa Jugu ta zo. Ina matse a bayan mota tsakanin buhun doya da wata mata mai kaji, ina ta tunanin yadda zan buɗe baki in ce, Yaya, abin nan da na yaba ya lalace. Na gwada kalmomin a zuci, suka ƙi fita. Shekara arba'in ban taɓa faɗin irinsu ba. Kafin mu kai mararrabar Onkulu, karsanar ta ɗauki ciki.

Na faɗa wa Yaya haka, ta tafa hannu. Shi ke nan na shiga.

Wata bakwai ina kiwon dabbar nan da baki. Ta haifi ɗan maraƙi mai farin goshi. Ciwon baki da ƙafa ya shigo, saurayin ya kwana uku yana wanke mata kofato da ruwan kanwa. Ya yi abota da wani tsohon makiyayi, wanda in ka saurara da kyau za ka ji yana magana kamar wani Bafulatani da na sani a Borgu. Garke ya kai bakwai, ya kai ashirin. Ban yi ƙarya a kan kiwo ba ko sau ɗaya, wannan kam zan iya dafa littafi. Da na ga kawun ya daɗe yana cin amana ba hukunci, sai na sa ɗan maraƙin nan, wanda ya riga ya zama bijimi, ya soke shi a bakin rijiya.

Yaya ta ce alhamdu lillahi, sannan ta yi istigfari, don ba a murna da mutuwa. Washegari ta sa aka toya masar sadaka aka raba wa maƙwabta. Ta ce ko mugu ne, rai ne. Na ci guda huɗu.

Ana haka 'ya'yanta suka shirya a yi mata aikin ido a Paraku, kuma a gidana za ta sauka, a unguwar Albarika. Na yi murna har cikin raina, Allah ne shaida. Sai da na zo gida na ga telen a kan tebur, sannan na tuna da karsanar.

Ranar da aka cire mata bandeji, ta daɗe tana kallona, ta ce, “Auta, wa ya tsofar mini da kai haka?” Muka yi dariya, muka share hawaye. A zemijan, babur ɗin hayan da ya dawo da mu, ta yi ta ambaton duk abin da ta gani da ido, daga masu doya a kasuwar Arzeke har akuyar da ke kan juji. Da muka shiga gida, ta nuna telen ta ce, “Yau zan ga karsanata.”

Likita ya ce kada ta kalli haske mai ƙarfi har mako guda. Ban taɓa son likita kamar ranar ba. Da makon ya cika, na zare wayar daga bango na ce an ɗauke kuran, wato wutar lantarki.

“To me ke juya fankar nan?”

“Kuran ɗin fanka daban, na tele daban, Yaya. Haka tsarin Paraku yake.”

Mai ɗakina ta ci gaba da tsince shinkafa, ba ta ɗago ba. Kwana na biyu na ce eriya ce iska ta karkatar. Kwana na uku na dawo daga masallaci na tarar da su biyun a kan tabarma, tele na ci.

Na tsaya a bakin ƙofa da takalmi ɗaya a ƙafa. A cikin telen, wani ƙaton mutum na kwance a bakin tafkin wanka na gidan masu kuɗi, yana shan abu mai sanyi.

“Wannan mai tumbin fa?” in ji Yaya.

“Kawun ne, Yaya,” in ji mai ɗakina.

“Wane kawu?”

“Ai guda ɗaya ne.”

“Wanda na yi wa sadaka?”

Mai ɗakina ta ce ita dai ba ta san zancen sadaka ba, amma mutumin nan ko mura bai taɓa yi ba.

Yaya ba ta waiwayo ba. Ta ce, “Shigo ka zauna, Auta, kana tare mini iska.” Na zauna. Ta kalli wasan har ƙarshe, mai ɗakina na ba ta labarin asibiti da tagwai da likitar ƙarya, da wani zaƙin murya da ban taɓa ji ba a duk zamanmu. Da aka gama, Yaya ta ce a rage ƙarar.

“Shanu nawa ka ce garken ya kai?”

“Ashirin da uku.”

“Duk naka ne?”

“Karsanar tasu ce. Sauran nawa ne.”

Na fara yi mata bayanin dokar kara, cewa wanda ya yaba ba ya kushewa. Ta ɗaga hannu. “Ni saniya na zo saye wurinka? Da ka ce mini ya lalace, ai da mun zauna mun zage su tare.”

Nan ta kayar da ni a ciniki. Ni da na taɓa sayar da sa mai ido ɗaya a kan cewa ya fi mai da hankali.

Abin da ya fi ƙona mini rai ya zo daga baya. Yaya ta gyara zama ta ce wa mai ɗakina, “Amma fa wannan ɗin ya fi daɗi. Yaron nan da ya manta kansa, tausayinsa nake ji. Wata bakwai ana ɗora mini ciwon kofato, ashe ga inda ake labari.”

Hukuncin da ta yanke shi ne ba za ta koma Jugu ba sai wasan ya ƙare, kuma kullum ni zan zauna kusa da ita in faɗi abin da ke faruwa, mai ɗakina na gefe tana gyara ni. Wata uku na yi a kan tabarmar nan. Na ga aure biyu, na ga an tashi daga suma sau uku, na ga wanda aka binne ya dawo da sabon gashin baki. A rana ta ƙarshe kawun ya tuba, kowa ya rungume shi. Ba wanda ya tambayi dabbar da aka bari ɗaure a bakin shinge.

Yaya ta koma Jugu da idanunta. Har yanzu ina zuwa duk mako biyu, tana karɓar gorona, tana sa a dafa mini abin da nake so. Sai dai muƙamina ya tafi. In na ce mata an yi ruwa a Paraku, sai ta ce to, ta miƙa wa jikarta waya ta ce a kira mata mai ɗakina. Ina zaune a wurin, da laka a takalmina, ake tambayar ko da gaske ne.