Motar da Sabo Maiturare Bai Gama Saitawa Ba

Na Allah muke, kuma wurinSa kowa zai koma, da mai gudu da mai tafiya a hankali. Ranar Talata, goma sha huɗu ga Rajab na 1446, wato 14 ga Janairun 2025, Allah Ya karɓi ran Sabo Maiturare, bakanike a unguwar Kudai ta Makka, yana da shekara sittin da ɗaya. An yi masa salla a Harami bayan la'asar, muka raka shi makwancinsa kafin magariba. Duk wanda ya san shi ya ɗauka a cikin mota zai cika. A kan kujerar roba ya cika, da hantsi, a bakin garejinsa, da kofin shayi a gabansa ko kurɓa bai yi ba. Likita ya ce zuciya ce.

Ya Sabo, ya Abu Mish'al kamar yadda ake kiranka a nan, na zauna in rubuta maka ta'aziyya irin wadda ake rubuta wa mutanen kirki, domin kana cikinsu. Sau uku ina farawa ina yagewa. Gaskiyar magana haushinka nake ji, kuma na kasa ɓoye shi a takarda. Ka tafi ka bar ni da tambayar da na yi ta roƙonka ka kashe da bakinka: motar tseren nan taka, ta 'yarka Hadil ce, ko ba tata ba ce?

Ga wanda bai san shi ba, kakan Sabo daga ƙasar Katsina ya zo aikin hajji, ya zauna yana sayar da turare a unguwar Misfala, sunan ya bi gidan. Shi Sabo a nan aka haife shi, Hausarsa rabi Larabci ce. Ni kuwa Uzair, daga Gusau na zo karatun fiƙihu shekara goma sha ɗaya da suka wuce, na kama haya a unguwar Shisha kusa da gidansa. A makon farko na'urar sanyaya ɗakina ta mutu cikin tsananin zafi. Ban san kowa ba. Sai ga mutum ya ƙwanƙwasa ƙofa da akwatin sufana, ya ce ya ji ƙararta daga tagarsa tun shekaranjiya, ya san ba za ta kai Juma'a ba.

Haka kake. Kunnenka na kan injin kowa. Na gan ka kwance ƙarƙashin bas ɗin mahajjata da tsakar rana, kwalta tana ƙona maka baya, don tsofaffin da ke ciki kada su rasa jam'in azahar. Da ta tashi, ko tsayawa a yi maka godiya ba ka yi ba. Ranar da naƙuda ta kama matata Rabi'atu kai ka kai mu asibiti, kuma ban taɓa ganin tuƙi mai sanyi irin na ranar ba, har ita mai ciwon ta ce in roƙe ka ka ɗan taka.

Sai kuma motar. Da hannunka ka ƙera ta daga bututun ƙarfe, ka ɗora mata injin wani ƙaton babur da ya yi haɗari, sarƙa ce ke jan ƙafafun baya. Ba ƙofa, ba rufi, ba takardun hawa titi. Ribas ma ba ta da shi, tunda babur ba ya baya. A lokacin sanyi akan buɗe wani filin tsere wajen Jidda ga masu motocin kansu. Ba gasa ba ce, ba kofi, kowa da agogonsa yake kokawa. Can kake ɗora ta a babbar mota mu tafi bayan asuba. Ka ce kana son mai tsoron Allah ya riƙe maka agogo, don abokinka Bandar yana sassauta wa mutane daƙiƙa. Ba ka gaya mini cewa mai riƙe agogo shi ne mai turo motar baya ba. Shekara goma ina tura ta cikin jallabiya, mutane suna kallo suna cewa Shaikh ya samu aiki.

Ban taɓa tuƙa ta ba, amma na haddace karatunka fiye da wasu littattafaina, don ba wanda kake ƙyalewa. A gama birki tun motar tana miƙe, kafin a karya sitiyari. A shiga kwana daga gefen waje, a yi haƙuri, kada a yi saurin manne wa ciki. Ido ya riga mota zuwa inda ake son fita, domin inda ka kalla nan hannunka zai kai ka. Totur kuma a hankali ake ba shi, kamar mai zuba shayi. Injin babur ba shi da ƙarfi a ƙasa, sai yana ihu yake aiki, saboda haka wanda ya ji tausayinsa ya sa babbar giya a kwana ya tashi a banza. Na ga samari masu manyan motoci sun zo suna yi wa taka dariya, bayan zagaye biyar suna tsaye a kanka suna tambaya. Ba ka taɓa ɓoye musu komai ba, har iskar tayarsu kake duba musu.

Abin da ke kashe ni shi ne saiti. Mota ta dawo, ka ɗora tafin hannu a kan taya, ciki, tsakiya, waje, ka ce ciki ya fi zafi, a rage kaza. Abu ɗaya kake canzawa a lokaci guda, in ji ka, wanda ya canza biyu bai san wanne ya yi aiki ba. Yau iska, gobe shakazoba, jibi haƙoran sarƙa. Na ce ka riƙa rubutawa, ka nuna mini kunnenka. Ban taɓa jin ka ce an gama ba. Ko ranar da ka yi zagayen da ya fi kowanne, kafin injin ya huce ka fara kwance wani abu.

Hadil ta shigo lamarin shekarar da aka yarje wa mata tuƙi a ƙasar nan. A lokacin ta gama karatu, tana aiki a kantin magani. Ta fara zama a gefenka, daga baya ta karɓi sitiyari, kuma duk mai ido ya ga hannun naka ne. Mahaifiyarta Hajiya Bilkisu ba ta taɓa yarda ba. Duk ranar da muka tafi fili ba ta sa komai a baki sai ta ji tsayawar mota a ƙofar gida. Kai kuwa dariya kake yi mata, ka ce, "Ma fi mushkila, ba matsala, ya Hajiya, titin Kudai ya fi filin nan haɗari."

Kowa ka gaya wa cewa motar Hadil ce. Amma makulli yana aljihunka, gareji naka, ba ta hawa sai kana tsaye. A nan aikina ya shigo, na kuma yi shi. Na ce, Abu Mish'al, kyauta ba ta cika da baki kawai, sai an miƙa an karɓa. Ka kira mutum biyu, ka sa mata makulli a hannu, magana ta ƙare. Ka ce, "Bukra, in sha Allahu, ya Shaikh. Bari in gama saita ta." Na faɗa a gareji, na faɗa a hanyar Jidda, na faɗa a ƙofar masallaci. Shekara huɗu ana bukra, wato gobe.

Sau ɗaya a rayuwarka ka ɗauki biro, kuma abin da bai kamata ba ka rubuta. Ka kawo mini takarda kana murna, wai wasiyya ce, bayan ranka a ba Hadil mota. Na dafe kai. Na ce ba a yi wa magaji wasiyya, ba ta zama sai sauran magada sun yarda, kuma ka san wadda ba za ta yarda ba. Ka ninke takardar ka ce, "Kai ne malami, ka san yadda za ka yi da su." Wallahi ranar na so in bar maka agogonka in yi tafiyata.

Zuwanmu fili na ƙarshe, makonni uku kafin rasuwarka, Hadil na zagaye na huɗu ka ɗaga mata hannu ta fito. Ranta ya ɓaci, don motar tana tafiya yadda take so. Ka ce tayoyi ne. A hanyar dawowa, da ta wuce gaba a motarta, ka gaya mini gaskiya. Babur yana kwantawa a kwana, baƙin mai ya zauna a gindin inji inda famfo ke jansa. Mota ba ta kwantawa. A doguwar kwanar hagu ta filin nan mai yana gudu gefe guda, famfo ya ja iska, kuma ka ji canjin ƙarar daga inda kake tsaye. Idan inji ya cije a wurin, ƙafafun baya za su kulle. Na ce ai shekara goma kana shan kwanar nan. Ka ce, "Da guduna ba ya yi. Da nata yake yi." Ka ce za ka yi wa kaskon mai shinge daga ciki, kuma kada in gaya wa kowa, domin idan Hajiya ta ji magana ta ƙare, idan Hadil ta ji za ta fara tsoron kwana. Har yau kaskon yana kan bencinka, an yanka ƙarfen ba a yi walda ba.

Bayan kwana uku na karɓar gaisuwa, iyalinka suka kira ni. Hajiya tana takaba, tana bayan ƙofar falo. Ɗanka Mish'al ya karanta takardar wasiyyar, ya ce shi ya yarda, ya bar wa ƙanwarsa. Hajiya ta ce ita ba ta yarda ba, ta binne miji, ba za ta sa hannu a abin da zai kai ta ga binne 'ya ba. Sai Hadil ta juyo wurina, cikin Hausarta da ba ta da yawa, ta kira ni Ammi, wato baffa.

"Ammi Uzair, kai ka ji shi. Ya ce tawa ce, sah, ko ba haka ba? Ya ba ni tun yana raye."

Ta san abin da take tambaya. Da na ce ka ba ta, motar ta fita daga gado, ba a buƙatar yardar kowa. Ba wani shaida sai ni. Yarinyar nan a gabana ta girma, idonta ya kumbura, kuma na san abin da zuciyarka ke so. Na ce, "Ya faɗa, 'yata, sau da yawa. Amma bai miƙa ba." Ta kalle ni kamar ba ta taɓa ganina ba. A wannan lokacin, Abu Mish'al, Allah Ya yafe mini, da kana kusa da na ci kwalarka.

Sai muryar Hajiya ta fito daga bayan ƙofa.

"Malam, mutumin da ko rigarsa aka yaba sai ya tuɓe ya bayar. Me ya hana shi?"

Ka ce kada in faɗa. Na faɗa, kuma ban yi nadama ba. Na yi musu bayanin mai da kwana yadda na iya, har da cewa gudun Hadil ne ya wuce naka. Hadil ta rufe fuska da mayafi. Hajiya ce ta fara magana.

"Ashe shi ma yana tsoro?"

"Yana tsoro, Hajiya."

"Shekara da shekaru yana mini dariya. Ya bar ni ina tsoron nan ni kaɗai."

Sai ta kira Mish'al. Ta ce ya nemo wanda ya san aikin, ba ɗan koyo ba, a gama abin da ke kan benci, a gwada a sake gwadawa. Makulli kuma a kawo mata, zai zauna a wurinta har ta fita takaba. "In na fita, ni zan sa mata shi a hannu, Malam yana tsaye. Tunda shi ya kasa."

To, ka ji yadda aka yi da su, Abu Mish'al. Ba ni na yi ba, matarka ce, wadda ka raina ƙarfin zuciyarta. Ya Allah, Ka gafarta wa bawanKa Sabo, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa zafin kwaltar da ya kwanta a kai don baƙinKa ya zame masa sanyi. Ka yafe masa jinkirinsa, domin na shaida tausayi ne ya jawo shi, ba rowa ba. Ina miƙa ta'aziyyata ga yayarsa Hajiya Maryama, da Mish'al, da abokan aikinsa na Kudai. Hadil, Allah Ya ba ki haƙuri, Ya tsare ki a kowace kwana, Ya kuma huce miki zuciya a kaina. Hajiya Bilkisu, Allah Ya ba ki ladan abin da kika ɗauka ke kaɗai. Daga yanzu, duk ranar da Hadil za ta hau motar, ki sani akwai wani a bakin fili da shi ma ba zai iya cin abinci ba.