Hannun Kawu Illo

A ƙauyenmu da ke kusa da Tajaye, lokacin sanyi, da an ci tuwon magariba sai mu jikoki mu kewaye murhun Kaka Hajo, mahaifiyar innata. Wutar karan gero ce, ba ta daɗewa, don haka mai son tatsuniya shi ke jawo kara. Ni ne rago a cikinmu, kuma ni take tsokana.

"Kai maigidan banza, ko kara guda ba ka kawo ma matarka? Matso nan, ka tare mani iska."

Tatsuniyoyinta na ban dariya ne, ban da guda ɗaya. Ita ba ta yin ta sai lokacin da 'yan ci-rani suka fara tafiya kurmi. Da mun ji ta ce, "Ga ta nan, wa ka riƙe mani ita?" muryarta a ƙasa, mun san ta mai ɗori ce.

Wai an yi wani mai ɗori da ya koyi ƙashi wurin mahauta. Duk akuyar da aka yanka sai ya karɓi ƙafar gaba ya yi ta dubawa. Ran nan aka kawo masa yaro ya karye a hannu, tsakanin gwiwa da wuyan hannu. Ya ɗaure shi tamau yadda ya gani a jikin akuya. Ƙashi ya haɗu, amma tafin hannun ya ƙi juyawa sama. Yaron ko addu'a zai yi, hannu ɗaya ke kallon sama, ɗayan yana gicciye.

Abin ya hana mai ɗori sukuni. Da damina ruwa ya zaftare bakin kori, wato ƙoramar bayan gari, ya tone wani tsohon kabari. Ya duba hagu da dama, ya zare ƙashin hannun mamacin ya sa a aljihu. A gida ya ga ashe na mutum biyu ne a rabe, ɗaya na hawa kan ɗaya in za a juya hannu. Daga ranar bai sake ɓata ɗori ba.

Amma kullum ya zauna cin abinci sai a yi sallama a ƙofa. Mutum ne tsaye, hannun rigarsa ɗaya na lilo.

Nan Kaka ke sauya murya. "Malam, ka ƙare gani? In ka ƙare, mai da ni inda ka ɗauko ni."

Mai ɗori ya ruga kori, ya tarar ruwa ya tafi da kabarin. Ya dawo ya ce wa baƙon, faɗa mini sunanka da garinku in kai ka.

"Shi ko ya ce mi, Kaka?"

"Ya ce, ai tambayag ga tun hwarko ya kamata ka yi ta."

A nan take tsayawa. Ba ta rufe ta da ƙurunƙus kamar sauran. Sai ta zuba wa hanyar gari ido har wutar ta mutu, mu kuwa mu shige ɗaki muna ture juna.

Ban gane ba a lokacin, ko da yake na san Kawu Illo, autanta. Yana yaro ya faɗo daga kan gawo, aka yi masa ɗori a hannun hagu. Na tuna shi ranar da zai tafi ci-rani, an tsaya addu'a a ƙofar gida, tafinsa na dama a buɗe, na hagu a gicciye. Bai dawo ba, ba wasiƙa, ba saƙo. Innata ta ce Kaka ta daɗe da haƙura da ganinsa. Abu ɗaya ya rage mata: a ce mata an wanke shi, an yi masa salla, an rufe shi.

Lakwal, wato makarantar boko, ta kai ni karatun likita a wani babban birni na bakin teku. A can wani malami ya ba mu tarihin sanin jikin ɗan Adam. Ya ce likitocin zamanin da sun yi ɗaruruwan shekaru suna bin littattafan wani mutum wanda birai da wasu dabbobi kawai ya feɗe, suna maimaita kurakuransa. Gyara bai zo ba sai da aka buɗe mutane, wasu ma daga kabari aka sato su. Na yi murmushi, na ce ashe Kaka ta riga shi. Sai wata ɗaliba ta tambaya, su gawarwakin da muke karatu da su a ɗakin nan fa, daga ina?

"Galibi waɗanda ba wanda ya zo nema," in ji shi. "Baƙi."

A makon aka ba kowane rukuni akwatin ƙasusuwa. Na sa hannu a namu na zaro ƙashin hannun hagu. Biyun sun manne a tsakiya, wurin wata tsohuwar karaya. Na gwada juya shi, ya ƙi. Malamin ya ji daɗi, ya ɗaga shi sama ya ce ku zo ku ga aikin ɗorin gargajiya. Ni kuwa sai na tuna hannun Kawu Illo. Na je wurin mai kula da ɗakin na tambayi sunan mai shi. Ya duba littafi, ya ce lamba kawai aka rubuta.

Ban ce shi ne ba. Masu irin wannan karaya suna da yawa, na sha gaya wa kaina haka. Da ƙashin nan na koyi aikin da nake ci da shi yau a Ƙonni, kuma hannun yara da dama ya juya saboda shi. Na mayar da shi akwati, don ban san inda zan kai shi ba.

Da na zo hutu, Kaka ta tsufa ƙwarai, idonta ya tafi. Ta lalubo hannuna ta riƙe.

"Maigida, can inda kake, ba ka ji labarin Illo ba?"

Na ce ban ji ba.

Ta juya tafina sama, ta mayar da shi ƙasa, ta sake juyawa. Ta daɗe tana haka kafin ta sake ni.