Lahadin Farkon Wata

Ni kaɗai na ci jarrabawar a firamaren ƙauyenmu, can bayan Badafi. Gwamnati ta ɗauke ni zuwa makarantar kwana ta 'yan mata, inda ake tara yaran karkara masu ƙwaƙwalwa. Shekarata goma sha biyu, ban taɓa kwana nesa da Inna ba.

Baba ne ya raka ni, da akwatina na ƙarfe a kansa. A bakin ƙofa wata malama ta karɓe ni, ta ce masa, "Malam, ziyara rana ɗaya ce, Lahadin farkon wata. Ban da ranar, ko ƙullin gyaɗa ba ma karɓa."

Baba ya maimaita maganar sau biyu don ta zauna masa. Ya ce da ni, "Auta, kin dai ji. In sha Allahu zan zo."

Lahadin ta zo. Filin makaranta ya cika da tabarmi da kulolin abinci, ƙanshin dambu ko'ina. Na zauna gindin darbejiya ina kallon ƙofa tun hantsi. Duk doguwar rigar da ta shigo sai in miƙe in duba. Har aka kaɗa ƙararrawar sallama bayan la'asar, babu Baba.

Wata na biyu ma haka. Yarinyar da ke kwana a gadon samana, 'yar Tudun Wada, ta ce in zo mu ci abincin da aka kawo mata. Na ce na ƙoshi. Ƙarya nake, wallahi yunwa nake ji, amma ni da zuciya kamar kuturu. Na shiga aji ni kaɗai, na kifa kai a tebur na yi kukana.

Sau ɗaya na yi dariya a zangon nan. Wata 'yar gajeriyar yarinya daga Doguwa ta shigo ɗakinmu tana ba da labari: wai wani baƙauye ya tsaya a bayan wayar shingen makaranta da buhu a kafaɗa, yana ta ɗaga mata hannu kamar ya san ta. Ta kwaikwayi yadda yake yi, muka yi ta ƙyaƙyatawa, har da ni.

Da ziyara ta uku ta zo, ban ko je gindin darbejiyar ba. Na yanke wa kaina cewa sun yar da ni ne, an rage bakin ci a gida. Na ce to, ni ma na yar da su.

Ranar hutu na sauka Ƙafin Maiyaki, ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni. Na tarar da Baba a tsakar gida yana gyaran lauje. Na durƙusa na gaishe shi a daƙile, ban ko ɗago kai ba.

Inna ta ce, "Ke, wannan wace irin gaisuwa ce? Bokon ne ya koya miki?"

Na ce, "Ai da kun san kuna da 'ya, da kun leƙo ta."

Inna ta saki baki. "La'ilaha illallahu! Sau uku mutumin nan yana zuwa! Da an ga wata zai fara ƙirga, Lahadin farko ya saɓa buhu ya tafi. Ƙuliƙulinki ma yaran maƙwabta ne suke cinye shi in ya dawo."

Da an ga wata. Nan take na gane. Malama watan kalanda take nufi, shi kuwa Baba bai san wani wata ba sai wanda ake gani a sama. Tsakaninsu a lokacin kusan mako biyu.

Baba ya ce, "Mai gadi kullum sai ya ce ba yau ba ne, sai Lahadin farkon wata. Na ce ƙila ganin watansu ya saɓa da namu. Ni ba na musu da mai kaki."

Ya ci gaba da goga laujensa, sannan ya yi murmushi.

"Amma zuwan bai tashi a banza ba. Kayanku duk iri ɗaya, sai dai sau ɗaya na hango ki ta bayan waya, 'yar gajeriyarki. Na yi ta ɗaga miki hannu. Kin gan ni kuwa?"

Na ce, "Na gan ka, Baba."