Shekarar da Iya Ta Rasa Auduga

A gidanmu na Zurgu ba a fara tatsuniya sai Iya ta ɗauko mazarinta. Iya ce ta haifi babana, kuma masaƙan Rano da Kibiya duk sun san zarenta. Lokacin sanyi, da an idar da sallar isha'i, sai ta tura mu jikoki mu kwaso kara, a hura wuta a tsakar ɗakinta. Ta miƙe ƙafa, ta dangwali alli da yatsu, mazari na juyawa, labari na zubowa. Mu kuwa muna binne dankali a toka.

Zaren nan shi ne cinta, shi ne suturarta. Rabinsa ta kai kasuwar Kibiya, rabi ta ba autanta, Baffa Sale, wanda ke saƙa a zaure. Ba ta taɓa roƙon kowa gishiri ba.

Ana saura kaɗan Turawa su tafi, malaman gona suka zo daga Kano. Mai unguwa ya tara magidanta ya ce an zo a taimake su. Ga irin auduga kyauta, mai yawan 'ya'ya, amma a bar shuka tsohon iri, kuma abin da aka tsince a kai shi sikelin gwamnati. Maza suka yi murna, don ga hanyar biyan haraji ta samu. Ba wanda ya leƙa cikin gida ya tambayi masu kaɗi.

Da kaka ta yi, motoci suka kwashe audugar kaf. Iya ta riƙa aika mu kala a gonaki, mu wuni mu dawo da abin da bai cika ƙwarya ba. Wata rana bayan isha'i muka taru, ba ta ɗauko mazari ba. Ta dai zuba wa wuta ido.

"Ku matso," in ji ta. "Yau wata gajeruwa ce ta zo muku."

Muka ce ta shigo, muna ji.

Wai bushiya ce ke tuyar ƙosai a mararraba. Kaskonta ƙarami, murhunta duwatsu uku, amma kurege da zomo da ƙadangare ba sa wucewa sai sun saya. Ran nan giwa ta biyo, ta ɗanɗana, ta ce, "Kai, wannan baiwar Allah ta cancanci taimako!" Ta tafi ta tumɓuko kuka sukutum ta jefo mata, wai itace. Kuka ta danne murhu. Bushiya ta lallaɓa ta sake haɗa wani. Giwa ta ga tana gumi, ta zuƙo kogi a hanci ta fesa mata, wuta ta mutu, ƙullu ya bi ruwa. Daga nan ta ce za ta tsaya mata gadi kada ɓarayi su zo. Masu saye suka hango ƙafafun giwa, kowa ya sake hanya. Da giwa ta juya za ta tafi, ta taka kaskon ba ta ma sani ba.

"To Iya, bushiyar ba ta yi magana ba?" na tambaya.

"Ta yi mana, 'yar nan. Ta yi ta yi. Kunnen giwa faifai guda ne, amma yana can sama."

"Sai me ya faru?"

"Sai giwa ta shiga dawa tana ba da labarin alherin da ta yi. Nan na ajiye ta. Ku je ku kwanta."

Ashe Baffa Sale na tsaye a bakin ƙofa. Ya ce, "Iya, wannan ta yara ce ko tamu ce?"

"Da yara nake, Sale."

"To ni dai gobe zan naɗe kayan saƙa. Wata guda ke nan ban jefa ƙoshiya ba. Ki yi mini addu'a, Kano zan shiga."

Iya ba ta ɗago kai ba. Ta ce, "Allah ya tsare. Ka ci halal."

Da aka samu 'yancin kai, 'yan siyasa suka zo da lasifika suka ce yanzu masu sana'ar hannu za su ga gata. Abin da muka gani shi ne yadin masana'anta ya cika kasuwar Rano, da audugarmu aka yi shi, kuma ya fi saƙin hannu araha. Masaƙan da ke sayen zaren Iya suka watse ɗaya bayan ɗaya. Baffa ya zama ɗan dako a birni. Dilolin yadin nan yake ɗauka a ka, har wuyansa ya sankare.

Ina ƙarama, dariya giwar nan take ba ni. Sai da na girma, na kama tawa sana'ar, na ga masu taimako kala-kala sun zo da mota sun koma da tafi, sannan na gane abin da ya fi ci wa Iya rai. Giwa ba muguwa ba ce. Da muguwa ce, da an san yadda za a guje mata. Ba ta dai taɓa sunkuyowa ta ce, "Me kike bukata?" ba. Ita Iya ba kyauta take nema ba. A bar mata kwando biyu na audugar da 'ya'yanta suka noma, shi ke nan.

Ta rasu da damina. A al'adar tsofaffinmu, mace kan kaɗa zaren likkafaninta da hannunta, a saƙa a ajiye. Aka buɗe adakarta, ba komai. Ashe ta sayar da nata a wata shekarar yunwa, da niyyar in auduga ta samu ta sake wani. Baffa Sale, wanda ya zo daga Kano duba ta, shi ne ya hau keken aro ya tafi Rano, ya yanko farin yadi a kanti. Da ya dawo ya miƙa wa masu wanka, sai ya murza gefen yadin da yatsu, irin yadda masaƙi ke duba zare. Ya ce, "Da tana gani, ba za ta yarda a sa mata wannan ba."

Da shi aka rufe ta.